Ayari: inda aikin wasanmu ya kwana

11 ga Janairu, 2025

Toh, saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da wasanmu na fataucin goro, ta tashi alhamdulillahi. Yanzu mutum zai iya shiga ta Telegram ya zaɓi ko shi bafatake ne, ko ɗan dako, ko mai jaki, ko almajirin da ya laɓe a bayan ayari, sai ya tsinci kanshi a bakin ƙofar Kano da jakai ɗauke da kanwa da kayan fata da baƙin rini ana shirin kama hanyar Gwanja. Abun da ake iyawa yanzu kenan, tafiya daga zango zuwa zango da saye da sayarwa. Mu uku ne a kan aikin. Ƙanena da ke karatun kwamfuta a jami'ar KNUST ta Kumasi shi ke rubuta kod, wani abokinmu na unguwar Asawase shi ke zane, ni kuma labari ne nawa.

Mun zaɓi fataucin goro ne saboda shi ne silar zaman da yawa daga cikinmu a ƙasar nan ta Ghana. Ayari ya kan tashi daga Kano ko Sakkwato, ya haye Kwara, ya ratsa Borgu, ya bi ta Sansanne Mango ko Jugu ya faɗo Yendi sannan Salaga, inda goron da ke fitowa daga kurmin Asante ke jiran shi. Wata da watanni ana tafiya. Akwai madugu, akwai jagaba mai shiga gaba, akwai uban dawaki mai daidaitawa da sarakunan hanya kan kuɗin wucewa. Wallahi duk wanda ya taɓa buga irin wasannin nan na intanet da ake shiga mutum dubbai kowa da rawar da yake takawa, in ya ji wannan tsarin zai ce ai guruf ne shiryayye tun asali.

Labari kam akwai shi jingim, ba shi ne damuwata ba. Damuwata ta ina zai bi ya shiga kan ɗan wasa.

25 ga Janairu, 2025

Mun kai wasan bes ɗinmu, wato majalisar hirarmu ta unguwar Aboabo, aka gwada ana shan ataya. Ni ban kalli fuskar kowa ba, babban yatsa nake kallo. Da zarar rubutu ya wuce layi uku sai ka ga yatsa ya yi sama, a nemo inda za a danna a wuce. Akwai jawabin madugu na ranar tashi wanda nake ji da shi sosai, ba wanda ya kai ƙarshenshi, amma da aka zo cinikin jaki kowa ya natsu har ana musu.

Ba mu kaɗai ba ne. World of Warcraft da ya fito a 2004 shi ya yaɗa wannan salon na alamar motsin rai ruwan ɗorawa a saman kan mutum, ka danna, akwatin rubutu ya buɗe, ka karɓi aike. Masu yin shi sun san mutane basa karantawa, shi ya sa suka ƙayyade rubutun kowane aike kar ya wuce haruffa 511, kuma duk da haka yawanci layin ƙasa kawai ake dubawa, kashe kaza guda nawa, kawo kaza, ladan nawa ne. Labarin yana nan a rubuce amma ba ya cikin abun da hannunka ke yi, to me zai sa ka tsaya?

Ni salon EverQuest na 1999 ya fi kwanta min. Can sai ka gaida mutumin gari tukuna, in ya yi magana za ka ga wata kalma an keɓe ta a cikin zancenshi, kai kuma ka rubuta tambaya da wannan kalmar kafin ya ƙara maka bayani. Da wahala, eh, amma kai ne ka tambaya, kuma abun da mutum ya tambaya da bakinshi yana sauraron amsar. Wannan ya yi daidai da mu ƙwarai. A ina ka taɓa ganin baƙo ya faɗo gidan mai masauki ba sallama ba gaisuwa a zazzage mishi labarin gari? Don haka mun canza. Yanzu in ka sauka a zango, mai masauki ba zai ce maka komai ba sai "sannu da hanya". In ka gaishe shi yadda ya kamata ka tambayi iyali, sai ya ɗan sako maka cewa ayarin da ya wuce jiya bai kwana a nan ba. In ka ce me ya hana su, sai zance ya buɗe. In baka tambaya ba shikenan, ka kwana ka tashi ka faɗa abun da su suka kauce ma.

Ƙanena ya ce wannan zai sa wasu su rasa rabin labarin. Na ce mishi su rasa, gobe za su tambaya.

8 ga Fabrairu, 2025

Wani abu ya fito fili a gwajin satin nan wanda ya fi tsawon rubutu girma. Da yawa a cikinmu 'yan zango Hausa ce a bakinmu tun daga nono, amma a makaranta Turanci aka koya mana karantawa, sai ɗan Twi, a makarantar allo kuma Larabci. Mutum ya iya Hausa kamar me amma in ka miƙa mishi rubutun boko na Hausa sai ya riƙa haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya yana motsa leɓe. Wani yaro ya ce min, "Yaya, in da za ka faɗa min da baki ai da tuni na gane." Kuma gaskiya ya faɗa, dubi WhatsApp ɗin kowa a unguwa, saƙon murya ne tuli.

Kenan sai murya. Na san abun da murya ke ci. Star Wars: The Old Republic da BioWare suka saki a Disamban 2011 kowane zance a ciki da murya aka ɗauka, layi sama da 200,000, har littafin Guinness ya shiga, kuma kuɗin da aka zuba ba na wasa ba ne. Matsalar ma ba kuɗi kaɗai ba, in ka ɗauki murya ka ɗaure hannunka, baka iya gyara jimla ɗaya sai ka sake kiran mai muryar. Mu bamu da situdiyo, muna da waya da ɗaki mai katifu biyu a jingine da bango. Amma mun yi lissafi, in aka matse murya da Opus, wani tsarin rage nauyin sauti, a kilobit 16 cikin daƙiƙa, minti ɗaya bai wuce kilobait 120 ba, ko mai bandul ɗin sidi kaɗan ba zai ji a jikinshi ba. Sharaɗi ɗaya na kafa, kar muryar kowa ta wuce daƙiƙa arba'in a lokaci guda. In zancen ya fi haka a yanka shi, sai an tambaya a ci gaba.

Sai maganar wace Hausa. Wannan mun daɗe a kai. Abokinmu mai zane yana so kowa ya yi Hausar Kano don 'yan Najeriya da Nijar su ji daɗin shiga. Ni ban yarda ba. Madugu da ya taso daga Kano ya yi Kananci, wanda ya shigo ayari daga Jega ya yi irin ta yamma da su munka da sunka, masu masaukin Salaga kuma su yi irin tamu ta nan ba tare da an gyara musu ba. Ta haka kunnenka ma zai faɗa maka ka yi nisa da gida tun kafin taswira ta faɗa. Kawuna ya yarda zai yi muryar madugu, da na kai mishi takardar sai ya ajiye ta gefe ya ce, "Kai dai faɗa min abun da ya faru, ni zan faɗa yadda ake faɗa." Abun da ya fito ya fi wanda na rubuta nesa ba kusa ba.

15 ga Fabrairu, 2025

Wuta ta yi ta wasa da mu satin nan, ba a yi wani abun kirki ba. An dai gama zanen mafitar Kwara da kasuwar Jugu. Muryoyin zango huɗu na farko sun shiga.

1 ga Maris, 2025

Yau zan daɗe, don nan ne gaɓar da duk aikin ya rataya.

Wasan da mutum ke bugawa shi kaɗai ba shi da matsala, kai ne gwarzo, duniya kai take jira. Amma in mutum dubu suna cikin gari ɗaya kuma an ce wa kowannensu kai kaɗai ne za ka ceci duniya, sai ka fito daga fadar sarki ka tarar da layi na masu jiran a faɗa musu wannan maganar dai. Ka kashe dodon, bayan minti kaɗan ya sake tsirowa don na bayanka ya samu na kashewa. Manyan kamfanoni sun yi ta neman dabara. World of Warcraft a 2008 suka shigo da salon da ni da kai muna tsaye wuri ɗaya amma ni ina ganin gari a ƙone saboda na wuce wannan babin, kai kana ganinshi lafiya lau. Labari ya yi ma'ana, amma an raba ka da abokinka, wani lokaci ma baka ganinshi sam. Final Fantasy XIV su kuma suka rungumi salon fim, labari dogo mai kyau ƙwarai wanda kowa ke bi shi kaɗai ta 'yan fina-finan tsakiyar wasa, sai an zo babban faɗa a haɗa ka da mutane. Nan ma an samu rigima. A wurin da ake kira Praetorium, sabon shiga yana kallon fim ɗin labari karo na farko, tsofaffin hannu sun tsallake sun yi gaba sun gama da abokan gaba kafin ya fito. A 2018 kamfanin ya hana tsallakewa gaba ɗaya, kowa dole ya zauna ya kalla ko sau ɗari ya gani, sai a 2022 suka sake fasalin wurin. Abun da na fi so a Old Republic kuwa shi ne in kuna guruf ana zance da wani, kowa ya zaɓi amsarshi sai a jefa ƙuri'a, wanda ya ci shi za a ji bakinshi. Aƙalla kuna cikin zancen tare.

Duk waɗannan dabarun abu ɗaya suke yi, kamfani na magana da kowane ɗan wasa kai tsaye, sauran 'yan wasa kuma sun zama cikas da ake neman yadda za a kewaye. Ni kuma abun da nake so shi ne labarin ya bi ta bakin ɗan wasa ya isa kunnen ɗan wasa.

Ga yadda muka tsara. Ba wanda ake ba labari cikakke. A zango ɗaya, mai jaki in ya je ba dabbobi ruwa zai ji masu kiwo na cewa an ga sawun dawaki da yawa ta gabas. Bafatake a wurin dillali zai ji cewa farashin kanwa ya tashi a gaba saboda ayari biyu basu iso ba. Almajiri a masallaci zai ji liman na roƙon Allah ya kiyaye matafiya da wani irin nauyin murya. Kowane guntu shi kaɗai ba komai ba ne. Sai dare ya yi an hura wuta an zauna a guruf ɗin ayari, kowa ya kawo nashi, sannan a gane cewa akwai 'yan fashi a hanyar da aka saba kuma dole a zaɓa, a biya ƙarin kuɗi a bi ta wani gari ko a yi ƙundunbala. Kuma bot ɗin, wato manhajar da ke tafiyar da wasan a Telegram, ba ya bari ka tura muryar da ka ji ga wani, sai dai ka faɗa da bakinka. In ka manta wani abu ko ka ƙara gishiri, wannan ma ya shiga labarin.

Ƙanena ya ja da ni sosai a kan wannan na ƙarshen, ya ce ai mutum zai iya yin ƙarya ya ɓatar da ayari don ya riga su kai kanwarshi kasuwa. Na ce to madalla, kuma gobe wa zai sake yarda da shi? Ba gwarzo ɗaya a wasan nan. Ayari ne ke isa Salaga ko ya kasa isa.

16 ga Maris, 2025

Azumi ya canza mana lokaci, yanzu bayan asham ake shiga har kusan sahur, kuma mutane sun fi yawa.

Daren jiya abun da nake fata ya faru ba tare da na rubuta shi ba. An zo mafitar Kwara, masu jirgi suka tsuga kuɗin fito, kuɗin ayari bai kai ba. Wani mai jaki da tun Kano ba ya magana sai ya sayar da jakinshi ɗaya tilo ya cike, ya koma ɗan dako yana ɗaukar kaya a ka. Ba aike ba ne, ba lada a ciki, ba mu ma san tsarin zai bari a yi haka ba. Yau da rana a bes zancen da ake kenan, har waɗanda basa wasan sun ji, kuma tuni an fara karo-karo a cikin wasan don a saya mishi wani jakin a Jugu.

Tarihin irin wasannin nan cike yake da wannan. Tun MUD, wasan taron jama'a na farko da Roy Trubshaw da Richard Bartle suka yi a jami'ar Essex ta Ingila daga 1978, rubutu ne zalla ba hoto, abun da ke riƙe mutane shi ne junansu. A Ultima Online lokacin gwaji a Agustan 1997, mai wasan da kanshi Richard Garriott ya shigo a matsayin sarki Lord British zai yi jawabi, aka manta ba a kunna mishi kariyar da ke hana shi mutuwa ba, wani ɗan wasa ya watsa wuta ya kashe shi a gaban jama'a. Har yau ana ba da labarin. A EVE Online kuwa a Janairun 2014 an yi yaƙin B-R5RB na kusan awa 21, manyan jiragen Titan 75 suka tarwatse, kuma mafarin abun kuɗin riƙe yanki ne da wata ƙungiya bata biya a kan lokaci ba. Ba marubucin da ya tsara shi. Kamfanin da ke Iceland daga baya sai dai ya kafa abun tunawa a wurin.

Amma ban yarda da masu cewa a sakar wa 'yan wasa komai marubuci ya koma gefe ba. In ba a tsuga kuɗin fiton nan ba, in ba a sa jaki ya zama duk dukiyar mutum ba, sayar da shi ba zai taɓa zuciyar kowa ba. Aikina shi ne in ƙulla matsin, su kuma su kwance yadda suka ga dama. Mun kuma yanke cewa madugu zai zama mutum mai rai, ɗaya daga cikinmu, ba bot ba, yana da ikon ƙara ruwan sama ko ya sako baƙo cikin dare in ya ga zance ya mutu.

12 ga Afrilu, 2025

Ayarin farko ya kusa Yendi, kenan dole in fuskanci abun da ke Salaga. Ba goro kaɗai aka sayar a kasuwar nan ba, an sayar da mutane, kuma fatake na cikin masu saye. Rijiyoyin garin da wurin kasuwar suna nan har yanzu ana zuwa gani. A zango kuma akwai jikokin kowane ɓangare, muna sallah sahu ɗaya.

Na je wurin kakata na ce, "Hajiya, ku a wurin manya me kuka ji game da Salaga?" Ta yi shiru tukuna sannan ta ce an ji da yawa amma ba a faɗa da rana tsaka, kuma in zan saka a wasa kar in sa yara su yi cinikin mutum ko da wasa ne. Wannan ya yanke min hukunci. Ba za a taɓa samun maɓallin sayen ɗan Adam a wasan nan ba. Amma kuma ba za mu share abun kamar bai faru ba. Zai zo ta baki kamar sauran labarin, wata mai ɗebo ruwa a bakin rijiya da in ka gaishe ta ka tambaye ta garinsu za ta faɗa maka sunan da ba ta ƙara jin wani ya kira ba tun ranar da aka kamo ta. Wanda ya ji shi zai kai wa ayari da dare, ya ga yadda bakinshi zai iya ɗauka. Ban sami mai muryar ba tukuna, kuma ba zan yi gaggawa ba.

3 ga Mayu, 2025

Mun fara shirin babban al'amari na farko da zai canza duniyar wasan ga kowa. Tarihi ya bamu biyu. A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, ƙarfin Asante a arewa ya karye, goro ya daina kwarara Salaga kamar da, kasuwa ta fara komawa su Kintampo. Sai 1892 da yaƙin sarauta ya tashi a Salaga fatake suka watse, wasu Kete Krachi, wasu Yeji, wasu suka gangaro kudu. Da na 1874 za mu fara, ayari zai iso da kanwa ya tarar goro ya yi wuya.

Tambayar ita ce sau ɗaya za a yi ko a riƙa maimaitawa. Abun da ake yi sau ɗaya yana da wani irin nauyi. A farkon 2006 da za a buɗe ƙofofin Ahn'Qiraj a World of Warcraft, duk mutanen saba suka yi makonni suna tara kayan yaƙi, aka buga ƙararrawa, jama'a suka yi cincirindo har sabobi suka riƙa faɗuwa. Final Fantasy XIV na farko da bai karɓu ba, da za a rufe shi a Nuwamban 2012 sai aka sa wani jan wata ya yi ta matsowa a sararin sama har ya faɗo ya hallaka duniyar, aka sake buɗewa sabuwa a 2013. Amma Guild Wars 2 sun gwada yin labari mai wucewa a 2013 zuwa 2014, har suka rushe babban birninsu Lion's Arch, sai waɗanda suka shigo daga baya suka tarar da kango da mutanen da basu san daga ina suka fito ba. Sai a 2022 aka dawo da wannan babin don a iya bugawa.

Mu sau ɗaya za mu yi, daren Asabar bayan isha. Wanda bai samu ba zai ji daga waɗanda suka halarta. Bayan an gama, duk wanda ya ga dama zai ɗauki muryarshi na daƙiƙa arba'in ya faɗi abun da ya gani, da izininshi mu saka a bakin mutanen zangon Salaga, ta yadda ayari na biyu in ya iso ya tambayi mai masauki me ya faru da goro, muryar ɗan Aboabo da ya kwana a wurin zai ji, kuma in ya tambayi wani a gaba zai ji ta ɗan bambanta.

Abun da ya rage kafin ranar, ƙanena sai ya gyara yadda bot ke ajiye muryoyi don yanzu in mutum biyu suka tura lokaci ɗaya ɗaya na ɓacewa. Zanen kasuwar Salaga saura rumfunan goro. Muna kuma neman madugu na biyu, don 'yan Nima da Mamobi na Accra sun ce suna son nasu ayarin ya tashi bayan babbar sallah kuma ni kaɗai ba zan iya riƙe dare biyu ba.